Ungozoma Mai Bishara: A Sallame Ta, Ko A Tsare Ta A Gida?

Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a shafin Hausa na mujallarmu in faɗi ra'ayina game da wata gardama wadda ta taso a majami'armu ta Kuchigoro, ta kuwa biyo mu har cikin kwaleji, ɗalibai suna ta ja-in-ja a kanta. Maganar ita ce, wata yarinya Kirista ta gama koyon aikin ungozoma, ta sami takardarta, sai ta zo gaban dattawa ta ce Allah ya kira ta ta tafi ƙasar waje ta yi aikin karɓar haihuwa da sunan Almasihu, zuciyarta kuma ta fi karkata ga ƙasar Nijar. Dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce a ɗora mata hannu a sallame ta. Waɗansu suka ce yarinta ce ke ɗibarta, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, namu ɗakin kuwa ko'ina yoyo ya ke. Ba zan ambaci sunanta ba, gama ba ita kaɗai ba ce. Kowace shekara a kan sami irinta, kuma cikinku masu karatu akwai waɗanda nan gaba ƙanwa ko ɗaliba za ta zo musu da wannan magana.

Ni ina cikin masu cewa a bar ta ta tafi. Amma ina da sharaɗi, sharaɗin nan kuwa zai jinkirta tafiyar, ba kuma lalle ya yi mata daɗin ji ba.

Bari in fara da hujjar masu hanawa, gama ba ƙaramar hujja ba ce, ban kuwa ga amfanin rage mata ƙarfi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Watau cikin kowaɗanne mata huɗu da haihuwa ta kashe a duniya duka a wannan shekara, fiye da ɗaya tamu ce. In aka auna bisa haihuwa 100,000, lissafin Nijeriya 1,047 ne, na Cadi 1,063, na Nijar kuwa 441. Ku sake duba lambobin nan da kyau. Ƙasar da yarinyar ta ke so ta kai wa taimako, bisa wannan ƙiyasi, abin ya fi sauƙi a can. Binciken lafiyar jama'a na 2018 kuma ya nuna cikin haihuwa 100 a ƙasarmu, 43 kaɗai ke samun hannun wanda ya koyi aikin. Sauran sai abin da Allah ya yi.

Ba ma sai an je nesa ba. Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama daga cikin Abuja ya san Kuchigoro. Ƙasar Gbagyi ce tun kafin a kawo babban birni nan, yanzu kuwa ta cika da baƙi daga kowane sashe. Kusa da ita akwai zangon 'yan gudun hijira wanda a ke kira Sabon Kuchigoro, inda mutanen ƙasar Gwoza suka sauka tun 2014, shekarar da Boko Haram suka ci garinsu cikin watan Agusta. Soja sun ƙwato Gwoza cikin Maris na 2015, amma da yawa ba su koma ba, gama ƙauyukansu na bayan dutse ba su zaunu ba. Ɗakunan buhu ne da tamfol da tsohon kwano. Yaran da aka haifa wurin a shekarar farko yanzu sun kai shekarun gama firamare. Daga bakin zangon zuwa Babban Asibitin Ƙasa tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Amma matar da ba ta da kuɗin kati, ba ta da kuɗin mota da tsakar dare, nisan wannan asibiti da nisan Landan duk ɗaya ne a wurinta. Sai ta durƙusa a ɗaki, a kira tsohuwa. In Allah ya kawo sauƙi, a yi barka. In jini ya ɓalle kuwa, to, sai a shiga neman mai babur cikin duhu.

Saboda haka dattijon da ya ce, "'Yata, ga aiki a bakin ƙofarki," bai yi ƙarya ba.

To, amma ga inda hujjar ta ke da rauni. Cikin watan Fabrairu na 2024 magatakardan hukumar da ke ba ma'aikatan jinya da ungozomomi takardar izini a Nijeriya ya faɗa a fili cewa sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Ina suka tafi? Ingila, da Amurka, da Kanada, da ƙasashen Larabawa. Ni ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da albashi ke iya saye a kasuwa yau. Sai dai ban taɓa jin dattawan majami'a sun zauna taro don su hana wata tafiya Ingila ba. Godiya a ke yi, a ba da baiko na musamman, a yanka kaji. Sai wadda ta ce za ta inda babu fam babu dala, ita ce aka tuna wa yoyon ɗaki. Rufin da iska ta yaye har mutum 42,000 suka fita, ba ramin yarinya ɗaya ke jiƙa mu ba. Abin da ke ci wa waɗansu iyaye rai, in za a faɗi gaskiya, shi ne kuɗin makarantar da aka kashe, da ƙannen da a ke sa rai za ta ɗauka. Wannan damuwa ce ta gaske, babu abin kunya a cikinta. A kira ta da sunanta, a zauna a daidaita, maimakon a sa mata rigar kishin ƙasa.

Sa'an nan mu tuna yadda asibitin zamani ya iso yawancin ƙauyukanmu. Asibitin Vom an fara shi a 1922. 'Yan mishan sun sauka Garkida a 1923. Mutanen Likita Mila sun koma Wusasa a 1929, asibitin da ke can ya karɓi haihuwar mutane da yawa waɗanda suka zama manya a ƙasar nan. Johanna Veenstra, 'yar Amurka, sai da ta koyi karɓar haihuwa a New York kafin ta sauka Ikko a 1920. Ta zauna Lupwe kusa da Takum, ta rasu a 1933, kabarinta yana Vom. A zamanin da ta baro gida, mata suna mutuwa wurin haihuwa a unguwannin matalauta na ƙasarsu, ba kaɗan ba. Lalle an sami wanda ya ce mata ta zauna. Da kowa ya jira sai ɗakinsa ya daina yoyo sarai, da har yau ba a aza tubalin farko a Vom ba.

Kada kuma wani ya ce aike aikin Turawa ne, namu karɓa. Tun 1948 masu bi na ƙasar nan suka kafa tasu ƙungiyar aike, wadda yanzu a ke kira EMS, shekara shida kafin a kafa ekklesiyar ECWA kanta a 1954. Manoma ne suka riƙa tara dawa da gero suna tallafa wa masu bishara. In kakanninmu sun iya da damin hatsi, mu masu albashi ba mu da bakin cewa ba mu isa ba.

Akwai ma wani abin da 'yar ƙasar nan ta fi Baturiya da shi, musamman in Nijar ta nufa. Mishan na SIM ya shiga Damagaram a 1924, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Galmin nan dai ita ce mai albasa wadda sunanta ya kai har kasuwannin bakin teku. Marasa lafiyar da ke zuwa can yawancinsu Hausawa ne, har da masu ƙetarowa daga wajen Sakkwato. Baturiya ta kan yi shekara biyu ko uku tana fama da harshe, bayan ta iya kuma da sauran aiki, gama jin Hausa dabam, jin abin da mace Bahaushiya ta ƙi faɗa dabam. Tamu ta tashi ta san kunya. Ta san mai cikin fari ba ta cewa tana da ciki, ba ta kuma yin raki in naƙuda ta zo, sai ta ciji haƙori ta yi shiru don kada a yi da ita. Shirun nan shi ke ɓoye doguwar naƙuda har kwana biyu su wuce. Ta san goyon ciki, watau komawar yarinya gidan iyayenta ta haihu. Ta san wankan jego da kunun kanwa, ta kuma san yadda za ta ce a rage kanwa da zafin ruwa ba tare da ta zagi kakar kowa ba. Ta san sau da yawa ba mai naƙuda ke yanke shawarar zuwa asibiti ba, sai an nemo miji daga gona ko kasuwa. Waɗannan abubuwa ba a samunsu cikin littafin koyon harshe.

Duk da haka kada ta ɗauka Nijar bayan gidansu ce. Ko da ya ke a 2025 gwamnatin can ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, takardun asibiti da sunayen magani da Faransanci su ke, tilas ta koya. Hausar Adar da ta Gobir ma sai kunne ya saba. An rufe iyaka tsakaninmu da su bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai cikin Maris 2024, ƙasar kuma ta fita ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025. Wanda zai tafi sai ya tafi da takardu cikakku, da izinin aiki daga hukumar lafiyarsu. Ta kuma shirya zama ɗaliba. Tun daga 2014 Nijar ta ɗauki wata dabara a kan zubar jini bayan haihuwa: a fara da ƙwayar misoprostol, in bai tsaya ba a sa wata 'yar roba cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyin, in ya ci tura a ɗaure mace da wata riga mai matse ƙafafu da ciki har a kai ta inda za a yi mata aiki. Da wannan suka rage mutuwar zubar jini a asibitocinsu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. Wadda ta je can da girman kai na 'yar babbar ƙasa za ta sha kunya.

Yanzu ga sharaɗina. Kada a sallame ta da takardar makaranta tana ɗanya. Shekara uku na makarantar ungozoma, ko a Gwagwalada aka yi su, ko a Vom, ko a Zonkwa, buɗe ƙofa ne kawai. A makaranta akwai malama a bayanki, akwai likita a ɗaki na gaba, akwai wutar lantarki, wani lokaci. A ƙauye da ƙarfe biyu na dare ke kaɗai ce da fitila. Abubuwan da ke kashe mata sanannu ne: zubar jini, da jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa. Zubar jini ya kan iya gamawa da mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Allurar oksitosin wadda ke sa mahaifa ta tsuke ta kan rasa ƙarfinta in ta daɗe cikin zafi, saboda haka ungozomar ƙasa mai rana sai ta san inda allurarta ta kwana, ta san abin da za ta koma gare shi in ba ta ci ba. Sai hannunta ya san bambancin mahaifar da ta tsuke da wadda ta saki. Sai idonta ya gane kumburin fuska da ciwon kai kafin jijjiga ta zo. Mafi wuya duka, sai ta san lokacin da abin ya fi ƙarfinta, ta sa a nemo mota tun da sauran lokaci. In kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara a ƙashin ƙugu, nama ya kan mutu, ɗan ya tafi, uwar ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ke son ya ga sakamakon jinkirin kwana ɗaya, ya je Babbar Ruga a Katsina, ko sashen Laure a Kano, ko sashen da aka buɗe a asibitin Evangel na Jos a 1992, ko Danja kusa da Maraɗi inda aka buɗe irinsa a 2012. Gani ya kori ji. Mu masu bi mun gaskata da addu'a, amma addu'ar ungozomar da ta bar aikinta bai nuna ba gwada Allah ce.

Ina za ta sami wannan nunar? A ganina ta yi shekara biyu ko uku tana aiki nan, ƙarƙashin wata babba wadda ta daɗe a ɗakin haihuwa, ta kuma ba da lokacinta na hutu ga matan Kuchigoro. Dalilina shi ne, duk abin da za ta tarar a ƙetare akwai shi nan, fasfo kaɗai ya rage. Akwai harsunan da ba ta ji, gama mutanen duwatsun Gwoza suna da Glavda, da Guduf, da Mandara, da waɗansu, tsohuwa kuma in ciwo ya yi ciwo harshen uwarta ta ke komawa. Akwai talaucin da ke sa a rubuta magani a ninke takardar a sa ƙarƙashin tabarma. Akwai Kirista da Musulmi. Akwai matan da suka ga abin da baki ba ya iya faɗa, waɗanda ba su saurin yarda da baƙuwa mai farar riga, gama sun ga masu zuwa da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, su tafi ba a sake ganinsu ba. In ta iya komawa wurin nan mako bayan mako, da damina da caɓi, ba mai tafa mata, ba mai ɗaukar hotonta, to, dattawa sun sami shaidar da za su dogara da ita. In kuwa bayan wata huɗu ƙafa ta yi nauyi, an huta, ita ma ta huta, ba a yi asarar kuɗin tafiya ba. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Kiran da aka ji a daren taron farkawa, ana kaɗa ganga ana hawaye, ba na musunsa. Amma ina so in ga ko yana nan ran Litinin da safe. Ko manzanni da aka aike su har iyakar duniya, daga Urushalima aka ce su fara, inda aka san su, aka kuma san kasawarsu.

Jira ba ya kashe kira na gaskiya. Mary Martin, 'yar ƙasar Ailan, ta zo Kalaba a 1921 da takardar ungozoma a hannu, tana so ta kafa ƙungiyar mata masu zaman zuhudu waɗanda za su yi aikin haihuwa. A lokacin dokar ekklesiyar Katolika ba ta yarda 'yan zuhudu su yi wannan aiki ba. Sai a 1936 Roma ta ɗage hanin, a 1937 ta kafa ƙungiyarta a nan Nijeriya, ta ɗauki alkawarinta tana kwance ba lafiya a asibitin Fatakwal. Shekara goma sha shida ke nan. Shekara biyu a Kuchigoro ba su kai abin kuka ba.

A nan ne kuma za ta koyi zama da tsofaffin ungozomomi. 'Yan makaranta sun cika raina su, wannan kuwa wauta ce. A al'adar Hausa aikin ungozomar gargajiya ya fi yawa bayan ɗa ya faɗo: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kula da mai jego har suna. Ita a ke bugawa ƙofa da dare, maganarta kuma a ke ji a cikin gida. In ta ce a tafi asibiti, a kan tafi. In kika kunyata ta gaban mutane, kin rufe wa kanki ƙofofin unguwa duka. In kika gaishe ta kika kira ta Inna, kika kawo mata sabuwar reza da sabulu da maganin shafa wa cibi, kika roƙe ta ta aiko miki da zarar rana ta fito ta faɗi a kan mai naƙuda, kin sami ido da kunne a kowane gida.

Akwai wata magana wadda na ke so in faɗa wa 'yan'uwana Kirista musamman, Musulmin cikinmu kuma su zama shaida. Kada a mai da ɗakin haihuwa kasuwa. A zamanin Turawa an hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakuna, sai wajen 1937 aka ba su riƙon zangon kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Babbar Rugar da na ambata ɗazu ɗaya ce daga cikinsu. Sun yi aikin da mutane da yawa ke ƙyama, wannan ba mai musu. Amma tun daga lokacin zato ya zauna a zukatan jama'a cewa maganin mishan tsaba ce a ke watsa wa kaza. Ungozoma mai bishara ta gāji wannan zato, ko ta so ko ta ƙi, halinta ne kaɗai zai kankare shi. Macen da ke tsakanin rai da mutuwa ba ta da ikon cewa a'a ga wanda ke riƙe da allura, saboda haka yi mata wa'azi a wannan sa'a cin zali ne. In ta kira sunan Allah yadda ta saba, a bar ta. Cikin Linjila kutare goma aka warkar, ɗaya ya komo godiya, ba mu kuwa karanta an karɓe lafiyar taran ba. Shifra da Fu'a, ungozomomin da ke farkon Littafin Fitowa, abin da aka yaba musu shi ne sun ji tsoron Allah sun bar jarirai da rai, ba a rubuta mana wani wa'azinsu ba. Ban ce ta ɓoye addininta ba. Ɓoyewa ma wani irin ha'inci ne. Kowa ya san ko ita wace ce. Ran suna, ko bayan shekara, in wata ta ce, "Ke kuwa me ya raba ki da Abuja ya kawo ki nan?" sai ta faɗi gaskiya, mai tambaya ta yi abin da ta ga dama da amsar.

Tsoron iyaye kuma ba na banza ba ne. Ran 1 ga Maris 2018 aka kai hari Rann a jihar Borno, aka kama ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar Red Cross, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman. An kashe Saifura cikin Satumba, aka kashe Hauwa cikin Oktoba. Dukansu Musulmi ne, dukansu ba su wuce shekara 25 ba, sun kuwa bar gida ne don matan da ba su da mai karɓar haihuwa. Duk Kiristan da ke zaton su kaɗai Allah ke sa wa wannan nauyi a zuciya, ya tuna da sunayen nan biyu. Ban da bindiga akwai cuta. A 1969 Laura Wine, ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na Lassa, ta kamu da wani zazzaɓin da ba a san shi ba, aka kai ta Jos ta rasu; Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta ta bi ta; a 1970 Likita Jeanette Troup ta bi su. Daga nan aka sami sunan zazzaɓin Lassa. Ungozoma kullum hannunta cikin jini ya ke. Don haka kada a aike ta ita kaɗai ta je ta kafa wani abu da sunanta. Ta shiga ƙarƙashin asibitin da ya riga ya kafu, inda akwai mai tiyata, akwai wanda zai ce mata yau kada ki bi hanya kaza, ta kuwa ji.

Majami'ar da ta ɗora hannu ita ma ta ɗauki kaya. Mun iya bikin sallama, ba mu iya wata na goma sha uku ba. A rubuta a takarda nawa za a aika mata kowane wata, shekara nawa, wa zai biya in ta kwanta ciwo, me za a yi wa iyayenta waɗanda suka sa rai da albashinta. In ba za a iya ba a faɗa tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma yi shirin daɗewa. Likita Catherine Hamlin da mijinta sun tafi Habasha daga Ostareliya a 1959 da alkawarin shekara uku, don su buɗe makarantar ungozoma. Suka zauna, suka buɗe asibitin yoyon fitsari a Addis Ababa a 1974, aka kafa kwalejin ungozomomi a 2007, ita kuwa ta rasu can a 2020 tana da shekara 96. Matan Habasha da ta koyar su ke riƙe da aikin. Mu ma nan, da gwamnatoci suka karɓi asibitocin mishan da yawa a shekarun 1970, Turawa suka ragu, abin da ya tsaya shi ne 'yan ƙasa waɗanda aka koya wa aiki. In yarinyarmu ta aiko rahoto, kada dattawa su tsaya ga yawan jariran da ta karɓa, su tambaye ta mutum nawa ta koya wa.

Wani zai ce, mu masu koyon aikin malanta ina ruwanmu? Ruwanmu ya fi na kowa. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya. Abin da suka tarar shi ne, mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba cikin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda a ke kawowa bayan abu ya ɓaci, da yara ƙanana waɗanda ƙugunsu bai gama buɗewa ba. Matan da suka yi makaranta kuwa kaɗan ne ƙwarai cikin masu mutuwar. Yarinyar da ta zauna aji har jikinta ya ƙosa, ta iya karanta katin awo, ta iya buɗe baki ta ce a kai ni asibiti, an riga an yi wa ungozoma rabin aikinta.

Kuma gurbin wadda ta tafi daga ajinmu za a cike shi. Ba a shiga makarantar ungozoma sai da sakamako mai kyau a darasi biyar: Turanci, da lissafi, da bayoloji, da kemistiri, da fizis. A zangon Kuchigoro akwai 'yan mata masu kai, masu jin Glavda da Mandara tun daga nono, waɗanda kemistiri da fizis kaɗai suka tsaya tsakaninsu da wannan makaranta, ba su kuwa da mai koya musu. Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai Kirista da ta ɗalibai Musulmi ita ce su haɗa kai su tsai da ranar Asabar guda cikin kowane mako biyu, 'yan sashen kimiyya su riƙa zuwa bi da bi, a tara kuɗin mota daga aljihunmu. Ni na ɗauki lissafi. Wanda ya iya kemistiri ko fizis, ya ba Edita sunansa kafin hutun ƙarshen zango.